Maganar da Na Faɗa wa Bango

Na ci! Sakamako ya fito jiya, an manna a ƙofar aji, kuma fasin na yi garau, ba da ƙyar ba. Kujerata a wurin aiki ma tana nan, ni ce a kanta. Ga kuma ɗan mutumin nan yana jan gefen zanina, so yake ya kifar mini da tawada. Aiki da karatu da goyo duk na riƙe, alhali saura ƙiris biyu daga ciki su suɓuce mini, a kan 'yar magana guda da bakina ya ƙi fitarwa.

Tun jiya na kasa zama. Na share tsakar gida, na sake sharewa, na wanke tukunyar da ba a ɗora ba. Shi ne na ce bari in kama alƙalami, ko ƙafafun nan sa bar ni in huta.

A gonar gwaji nake aiki, nan Samaru, a inda muke ce wa ɗakin angurya. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, da tebur guda tun daga wannan bango har wancan, mu mata a jere. Auduga ake kawowa daga filayen gwaji cikin 'yan jakunkuna, kowane fili da jakarsa, kuma ba a kai ta inji, don kada irin wannan fili ya gauraya da na wancan. To mu ne injin. Ki ɗauko, ki danna da babban yatsa, angurya ta fito ta faɗa kwano, ƙwal, audugar ki ture gefe. Ni kuwa Allah ya ba ni yatsa. Kafin ta kusa da ni ta gama jaka ɗaya na shiga ta uku, ina yi ina zuba surutu. Har tsokanata ake yi, wai a duba ko mai ake zuba mini da safe kamar mota.

Aikin nan shi ya buɗe mini ajin yamma a Sabon Gari. Lokacin ko'ina ka juya zancen mulkin kai ake yi, ana cewa a koyar da 'yan ƙasa, maza da mata, su iya riƙe ofis. Amma ajin na ma'aikata ne. Ranar da aka cire ki daga aiki, ranar kin fita daga aji. Saboda haka wannan kujerar katako mai gajeriyar ƙafa ɗaya, wadda nake tokarewa da tsingaro, ita ce komai nawa.

Mijina (kai, ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba) direban tantan ne a gonar. Da an tashi aiki sai in ɗare kariyar kekensa, mu miƙa titi, mu wuce Hanwa, mu tsallake dogo, ya sauke ni ƙofar aji ya tafi wajen abokansa makanikai har a tashi. Ni da Turanci kuwa lokacin ba dama. “Gud ibinin, Ticha.” “Sori, na yi leti.” Har Inna na taɓa ce wa “tankiyu”, ta jefo ni da ludayi.

Sai abin ya samu.

Wanda ya san mu ya san zancen. Cikin fari ba a faɗarsa. Ba kya gaya wa uwarki, ba kya gaya wa ƙawarki, ke ko shi wanda ya jawo abin ba kwa zama ku yi maganar. Kowa ya gani da idonsa ya kau da kai. Wadda ta buɗe baki ta ce ga halin da take ciki, an gama da ita, an ce idonta ya bushe, boko ya cinye mata kunya. Ni da dama ake nuna ni da baki a Bomo, ƙauyenmu, wai 'yar gidan masu zuwa coci, ta yi makarantar mishan, ga ta nan bayan namiji a keke, ai jira kawai ake in yi wannan a ce ai mun faɗa.

Na ɗaga ɗaurin zani sama. Na aro babban gyalen Inna ina lulluɓa, ga zafin bazara kamar a gasa mutum a ƙarƙashin kwanon nan. Warin angurya da nake shaƙa lafiya lau tun da na fara aiki ya koma yana juya mini hanji, sai in zagaya bayan ɗaki in dawo ina goge baki. Gefen zanina kullum a ƙulle da tsamiya da ɗanyen mangwaro.

Shugabar teburinmu Madam ce, mutuniyar kudu. A Sabon Gari take zaune, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. 'Ya'yanta biyar, uku daga ciki tana wannan aikin ta haife su. Hausarta ta kasuwa ce, in ta ƙare mata sai ta cike da buroka. Wata safiya na ji ta tsaya a bayana, ta daɗe ba ta wuce ba.

“Ke, yarinya. Ba ki da magana da za ki faɗa mini?”

“Babu, Madam.”

“Babu?” Ta dubi gyale, ta dubi mangwaro. “Wannan duka tuwo ne?”

“Tuwo ne, Madam. Na dawa. Yana kumbura mutum.”

Tebur ya kwashe da dariya, kowa kanta a ƙasa, kafaɗu na rawa. Madam ta juya. Ta taka zuwa tsakiyar ɗaki, ta ɗaga kai sama, kamar da ƙadangarun jikin kwano take magana.

“Ina faɗa wa duk mai kunne. Mace in za ta haihu, akwai lif. Mako shida kafin, mako shida bayan. Ana ba ta wani abu cikin albashi, ba duka ba, amma ana ba ta. Kujera tana jiran ta. In ta dawo, ana ba ta lokaci safe da rana ta ba pikin nono. Amma sai ta zo da ƙafarta ta faɗa da bakinta, in kai ta ofis, likita ya duba. Ni ba boka ba ce. Wadda ta ɓace shiru, ofis zai ce ta gudu. Ku leƙa get ku ga mata nawa suke jiran kujera.”

Matar da ke zama kusa da ni, wata 'yar ƙauyen Jama'a da nake ce wa Yaya, ta matso da kai tana ta danna auduga. Ta ce Madam ba mugunta take yi ba. Ta taɓa kai zancen wata ofis a kan gani da ido, ashe ciwo ne ba ciki ba, mijin ya zo ya tayar da ƙura har gaban Bature, shugaban gonar. Tun ranar ta rantse sai ta ji daga bakin mai shi.

“Kuma ke ba ke ce farau ba,” in ji Yaya. “Duk 'yan matanmu haka suke ɓacewa. Bature ya ɗauka mu ba ma son aiki, da mun sayi kwano da atamfa sai mu gudu. Shi bai san dalili ba, mu kuma ba mu faɗa. Ki tashi ki faɗa, 'yar nan. Ba mutuwa za ki yi ba.”

“In faɗi me, Yaya?”

Ta harare ni. Ita ma ba ta iya ambata ba.

Na gwada, Allah ya sani na gwada. Na tashi na nufi teburin Madam da maganar a bakina, ina isa na ji na ce a ƙaro mini jaka. Washegari na sake tashi, na ce ƙarfe nawa. Ta nuna mini agogon bango da ke saitin kaina. Wani zuwan kuma na tsaya ƙerere ina murza gyale, har ta ce, “Talk am now!” sai na ce ai ɗankwalinta ne ya yi mini kyau. A aji ina iya miƙewa gaban maza ashirin in karanto shafi guda na Turanci ba gargada. Wannan kuwa da ta iso maƙogwaro sai ta koma.

Na ce bari in tura mai keke. Muna kan hanya, daidai gangaren Hanwa, na yi wa bayan rigarsa magana.

“Kai ka je ka gaya wa Madam mana.”

“In gaya mata me?”

“Abin.”

“Wane abin?”

“Kai dai ka sani.”

Keke ya yi tangal-tangal har muka kusa shiga gonar rogo. Ya ce shi bai san komai ba, kuma tayar baya tana neman iska, kwanan nan nauyi ya yi mata yawa. Na ɗaka masa duka a baya. Ya yi ta kaɗa ƙararrawa alhali ko akuya babu a titi. Iyakar zancen da muka taɓa yi ke nan a kan lamarin, ni da shi.

Kullum in ce gobe. Gobe ta yi ta zuwa har wata ya kama na takwas. Ranar Lahadi muna dawowa daga coci muka tarar da Goggo, ƙanwar Baba, zaune a ƙofar ɗakinmu, ta riga ta ƙulle kayana a zani. An zo ɗaukata goyon ciki, wato in koma gidanmu in haihu a gaban iyaye, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. Goggo ba ta ambaci komai ba ita ma. Cewa ta yi Inna tana son ganina.

“Goggo, gobe akwai aiki.”

“Aikin ya ci kansa. Tashi.”

“Ko kwana ɗaya, in je in sallami…”

“Ki sallami wa? Ki je ki tsaya gaban ƙarti ki ce musu me? Ɗauki gyalenki.”

Na dubi mai keke, ya sunkuya yana duba sarƙar da ba abin da ya same ta. Haka na bi Goggo, ƙunshi a kanta, ni a baya ina waiwaye.

Tsiyar Bomo ita ce kusa take. Da nisa gare ta da na haƙura. Akwai guntun ƙarfen dogo da aka rataye a bishiya a gonar gwaji, shi ake bugawa a shiga aiki, a fita hutu, a tashi. Daga tsakar gidanmu ana jin sa tar. Da ya yi ƙara da safe sai in zabura in nemi ɗankwali, sannan in tuna. In zauna, in tashi, in leƙa zaure, in dawo. Yatsuna suna ta motsi su kaɗai a kan cinya. Na roƙi Inna audugar kaɗinta na cire mata angurya tas da hannu, ko magurji ban taɓa ba. Na aika maƙwabta su kawo tasu. Kafin mako ya zagayo babu sauran auduga mai ƙwaya a layinmu, mata suna ta sa mini albarka, ni kuwa kamar in yi ihu. Na buɗe littafin aji, layi ɗaya nake ta maimaitawa.

Inna ta ce, “Ke wai ƙaiƙayi ne a kujerar? Zauna wuri ɗaya mana.”

Mako na biyu ya kama, mai keke ya zo gaishe da surukai. Ya durƙusa a zaure ya gaida Baba, ya daɗe, sannan aka bari na leƙo. Bai dube ni ba, da ƙofa yake magana.

“An sa wata a kujerar. Gwaji ne, wai. In wata ya ƙare ba a ji daga mai ita ba, an ba ta ke nan.”

“Wace ce?”

“Wata doguwa. Ta cire tsingaron ma, ta sa kwali.”

Saura kwana kaɗan wata ya ƙare. Na koma ciki na zauna bayan rumbu, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kai ni ɗakin miji.

Nan Kaka ta same ni, uwar Baba. Ita ba ta zuwa coci, ba ta zuwa masallaci, tana nan kan abin da ta tarar iyayenta suna yi. Daddawa take yi, kuma duk Bomo ba mai bakinta. Tsakanina da ita wasa ne tun ina rarrafe, na jika da kaka, ba abin da ba ma faɗa wa juna.

“Ja'ira, wa ya mutu?”

“Ba kowa, tsohuwa. Tafi da warin daddawarki.”

“Warin nan shi ya yi ubanki. Cikin ne ke ciwo?”

Ita kaɗai a duniya ke iya kiran abin da sunansa a gabana. Na girgiza kai, na zayyana mata komai, da lif, da Madam, da doguwa. Zancen aji bai dame ta ba, albashi ma ta taɓe baki. Amma da na zo kan kujera sai ta miƙe zaune.

“Tsaya. Kujerarki? Wata ta hau?”

“Har ta cire mini tsingaro.”

“Kina da rai? To ni ko a kasuwa ba a zauna mini a gindin tsamiyata ba. Gobe da ƙarfen nan nasu ya yi kuka, ki shirya.”

“Goggo fa?”

“Ni na haifi Goggon.”

Da safe ta ce wa Inna za ta kai ni in taka ƙafa, zama ba ya yi wa mai nauyi kyau. Muka bi ta cikin gonaki, an yi sharar fili ana jiran ruwa, ita da sanda a gaba tana zagin duk wanda ya gaishe ta, ni a baya ina haki. Sau nawa na ce mu koma. Ta ce in koma ni kaɗai, ita sai ta ga doguwa.

Muna shiga ɗakin angurya ƙarar kwanoni ta ɗauke. Ga kujerata, ga doguwa a kai, baiwar Allah, tana danna auduga da yatsa biyu kamar mai kashe ƙwarƙwata. Kaka ta doka sanda a ƙasa.

“Ina babbar? Ke ce? To buɗe kunne. Jikata ciki gare ta. Wata takwas. Ga shi nan kamar tulu, makaho ma ya shafa ya ji. A ba ta hutun, a sauke mata wannan daga kujera.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mata suka toshe baki da auduga. Madam ta taso, ta ɗan rusuna wa Kaka, don tana da ladabi.

“Sannu, Mama. Na ji. Amma ba ke za ki haihu ba.”

“Wa ya sani? Kin duba ni?”

Ɗaki ya ɓarke. Madam ma sai da ta dafa tebur. Da ta gama dariya ta goge ido, ta juyo kaina, fuskarta ba wasa.

“My pikin, ni na san abin da idona ya gani. Amma in na shiga ofis za a ce, ita ta faɗa? Ba zan yi ƙarya ba. Faɗa mini. Ko a kunne.”

Na buɗe baki, babu. Ido goma sha wani abu a kaina, ga Yaya tana yi mini alama da gira, ga gumi yana bin bayana. Na ga kujerar nan tana tafiya, da aji, da Ticha, da allo, duk a kan maganar da yaro ɗan shekara uku zai faɗa. Kaka ta zungure ni da sanda.

“Ke, in idon mutane ne ya hana ki, ga bango can. Bango ba ya kai gulma Bomo. Je ki gaya masa.”

Wasa take yi, amma ni na kama. Na taka har ƙarshen ɗaki, na juya wa kowa baya, na ja gyale na rufe kaina ruf kamar amarya, na kafa goshi a jikin bango. Sanyinsa na ji, da warin farar ƙasa. Na ce masa, a hankali, “Ina da ciki.”

“Ban ji ba,” in ji Madam daga can.

“Ina da ciki!”

Sai da kwanon rufi ya amsa. Yaya ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama, ana buga kwanonin angurya, har masu gadi suka leƙo ta taga. Ni dai ina manne da bango, na ƙi juyowa, ina kuka ina dariya. Madam ta zo ta kama hannuna ta cikin gyale.

“Na ji da kunnena. Mu je.”

A ofis akawu ya fara cewa ai ta yi kwanaki ba ta zo ba, ba sanarwa, doka kuma doka ce. Madam ta ce a kai mu wurin Bature. Ta yi masa bayani da Turanci, ina tsintar rabi: cewa a wurin mutanen nan cikin fari ba a faɗa, cewa duk waɗanda suka ɓace a baya ba gudu suka yi ba. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce da Hausarsa ta littafi, “Don me ba ki faɗa ba tun da wuri?”

Kaka ta riga ni. “Kai uwarka da ta ɗauki cikinka shela ta yi a kasuwa?”

Akawu ya ƙi fassarawa. Ba a buƙata ma, Bature ya ji, kunnuwansa suka yi ja. Sannan ya ce a lissafa kwanakin da na yi a gida cikin hutun, likita ya duba ni a yau, doguwa kuma ta riƙe kujerar aro har in dawo, daga nan a nema mata wuri a wajen awo. Na ce “tankiyu, sa” ta cikin gyale. Da muka fito Kaka ta koma ɗakin angurya ita kaɗai, ta zare kwalin nan daga ƙarƙashin kujera, ta nemo tsingaro a waje ta mayar.

Labari ya riga mu isa Bomo, ban san ta yaya ba. Goggo ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Inna kuwa da yamma ta ƙara mini nama a miya. Mata a bakin rijiya sun yi abin da suka saba, na wuce su da kaina a sama, don na riga na ƙarar da kunyar a jikin bango.

Da ruwan farko na sauka. Namiji. Sai wankan jego, safe da yamma, tafasasshen ruwa da ganye ana fyaɗa mini har in ga taurari, ga kunun kanwa, ga ƙauri, ga gadon da ake hura wa wuta a ƙasa. Ban taɓa sanin kwana arba'in suna da tsawo haka ba. Ƙarfe yana bugawa, ni ina kwance ina gasuwa, ina karanta littafin aji a ɓoye ƙarƙashin zani har gefensa ya yi baƙi da hayaƙi. Amma wannan karon in na ji ƙarfen ba na zabura. Na san kujerata aro aka ba da ita.

Abin dariya, mako shidan Bature da arba'in ɗinmu kusan kai ɗaya suka zo, kamar sun haɗa baki. Ana gama wanka Goggo ta ce ba inda za ni, mai haihuwar fari sai yaro ya yi ƙwari take barin gida. Kaka ta ce ai ba a ce in bar gida ba. In kwana a Bomo, in je aiki da safe, ita za ta riƙa kai yaron.

Haka aka yi. Ranar da na koma, doguwa ta tashi ta ba ni wuri har da kakkaɓe mini kujera, yanzu ma ƙawata ce. Na zauna, kujera ta yi ɗan gyangyaɗin nan nata, na ɗauki auduga, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Yaya ta ce, “To, an dawo da inji.” Da ƙarfen hutu ya buga sai ga Kaka a gindin mangwaro da goyo, tana yi wa masu gadi tsiya. In fita in karɓa in ba shi, ina kallon wani wuri, don ɗan fari ne, ba a nuna an damu da shi. In an tambaye ni sai in ce yaron tsohuwa ne. Uban kuwa kullum a daidai lokacin tantan ɗinsa ke samun dalilin bi ta wajen, yana tuƙi yana kallon sama, har ran nan ya kusa kwashe shingen Bature.

Aji na koma da baya sosai, Ticha ya ce anya. Na ce a bar ni da shi. Na yi ta haddace a kan kariya, a gindin mangwaro, a bakin murhu. Sau ɗaya na faɗi, na sake zama. Jiya ga sakamako.

Bangon nan kuwa ya samu aiki. Bayana mata biyu sun je sun gaya masa, ɗaya ma tun tana wata biyar, Madam tana tsaye a baya tana cewa a ɗaga murya. Ba wadda ta sake ɓacewa a teburinmu. Wurin har ya yi ɗan duhu daidai tsayin goshi.

Yaron nan ya kai hannu ga tawada, dole in tashi. Don Allah wadda ta karanta wannan ta miƙa wa ta kusa da ita, wadda ba ta iya karatu ba a karanta mata, musamman duk yarinyar da kuka ga ta fara ɗaura zani sama tana zuwa aiki da gyalen uwarta. Ku gaya mata akwai hutu, kujera tana jira, amma sai ta faɗa tun da wuri. Ku ba wa na gaba.